Tsohuwar Kwamfuta da Sabuwar Manhaja: Yadda Ake Hana Sauyin da Ba a Nema Ba



Na san ba za a rasa wanda zai ce a ransa ba, me ya haɗa malamin Hausa da zancen kwamfuta? Amsar ba ta da nisa. A yau kundin digirin ɗalibi, da sakamakon jarrabawa, da kalmomin da mai bincike ya shekara goma yana tsintowa daga bakin tsofaffi, da muryoyin mawaƙan da aka ɗauko a ƙauyuka, duk a cikin wannan akwati suke kwance. Da yawa kuwa daga na'urorin da muke aiki da su na hannu ne, waɗanda aka ci moriyarsu a ofisoshin Turai da Amurka sa'an nan aka yo jigilarsu zuwa kasuwanninmu. Saboda haka duk abin da ya taɓa lafiyar tsohuwar kwamfuta ya taɓa aikinmu. Maƙasudin wannan lacca shi ne in bayyana yadda mai tsohuwar kwamfuta zai hana a sauya masa uwar manhajarta ba da yardarsa ba, in kuma bayyana abin da hanawar za ta jawo masa, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Uwar manhaja, faci, da sauyin zubi

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita kalmomin da za mu yi amfani da su. Kwamfuta kashi biyu ce. Akwai ƙarfen da ake taɓawa, watau allo da faifan ajiya da furosesa da sauransu. Akwai kuma manhaja, watau jerin umarnin da ke gaya wa ƙarfen abin da zai yi. A cikin manhajoji akwai guda ɗaya wadda duk sauran suke dogara da ita, ita ce nake kira uwar manhaja. Matsayinta kamar na uwargida ne a babban gida: makullin rumbu a hannunta yake, ita ke raba wa kowace manhaja wurin zama da lokacin aiki, ita ce kuma ke isar da saƙo tsakanin manhajar rubutu da firinta. Waɗanda suka fi shahara su ne Windows na kamfanin Microsoft, da macOS na kamfanin Apple, da Linux wanda Linus Torvalds ya fara ginawa a 1991. Da yake Windows ne ya fi yawa a ofisoshinmu, a kansa yawancin maganata za ta tsaya.

Sabuntawar da ke zuwa wa uwar manhaja iri biyu ce, rashin bambance su kuwa shi ne tushen yawancin kurakuran da ake yi. Iri na farko shi ne faci. Idan aka gano wata ɓaraka wadda ɓarawo zai iya kutsowa ta ciki, sai kamfani ya aiko da ɗan gyara ya toshe ta. Microsoft yakan fitar da irin wannan a ranar Talata ta biyu ta kowane wata. Wannan daidai yake da yaɓen katanga kafin damina. Iri na biyu shi ne sauyin zubi, alal misali a tashi daga Windows 7 a koma Windows 10, ko daga 10 a koma 11. Wannan kuwa tamkar a rushe gida ne a gina sabo a kan filin, tare da alkawarin cewa za a mayar maka da kayanka yadda ka bar su. Abin da mai tsohuwar na'ura yake bukata shi ne ya karɓi na farko, ya dakatar da na biyu sai ran da ya shirya.

Akwai wata gaskiya kuma da ya kamata a sani. Wanda ya sayi kwamfuta ya mallaki ƙarfen, amma Windows ɗin da ke ciki izinin amfani kaɗai aka ba shi, bisa sharuɗɗan da ya latsa ya ce ya yarda da su, galibi ba tare da ya karanta ba. Watau fili naka ne, ginin da ke kai kuwa kamar haya kake yi. Daga nan ne kamfani ya sami ƙofar aiko da sauye-sauye.

Yadda matsalar ta faro

A zamanin Windows XP, wanda ya fito a 2001, da Windows 7 na 2009, wanda yake son sabon zubi sai ya saya ya ɗora da hannunsa. Al'amarin ya sauya a 2015. A ranar 29 ga Yuli na wannan shekara aka fitar da Windows 10, aka kuma ce kyauta ne har tsawon shekara guda ga masu Windows 7 da 8.1. Tun kafin ranar, an riga an cusa wata ƙaramar manhaja cikin facin da ake aikowa, mai lamba KB3035583, wadda aikinta shi ne ta ajiye 'yar alama a gindin allo tana tallan sabon zubin. A watan Satumba na 2015 aka gano cewa waɗansu na'urori suna sauke kayan sabon zubin, gigabait da yawa, suna ɓoyewa cikin wata jaka, alhali masu su ba su nema ba. A watan Fabrairu na 2016 aka mayar da sauyin cikin jerin abubuwan da kamfani ya ba da shawarar a ɗora, wanda ke nufin cewa na'urar da aka saita ta karɓi irin waɗannan da kanta za ta iya fara aikin.

Abin da ya fi tayar da ƙura ya faru ne a watan Mayu na 2016. Kowa ya san cewa idan taga ta buɗe a allo, mutum ya latsa alamar X da ke kusurwa, to ma'anarsa ba ya so. A wannan wata sai aka sauya tagar ta yadda rufe ta da X bai soke sauyin da aka sa wa rana ba. Mutane suka kwana da Windows 7, suka wayi gari da Windows 10. A wannan shekara ce wata mata mai harkar shirya tafiye-tafiye a Jihar Kalifoniya ta kai ƙara ƙaramar kotu, ta ce sauyin da ba ta nema ba ya nakasa na'urar da take sana'a da ita, aka yanke a biya ta dala 10,000. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma ya janye ɗaukaka ƙarar da ya yi. A watan Disamba na 2016, Chris Capossela, wanda yake shugaban sashen talla na kamfanin a lokacin, ya amsa a bainar jama'a cewa a batun alamar nan sun wuce gona da iri.

Daɗin daɗawa, a watan Oktoba na 2018 aka fitar da wani sabon zubi na Windows 10 mai lamba 1809, sai aka tarar yana goge takardun waɗansu mutane. Cikin 'yan kwanaki aka janye shi, ba a sake fitar da shi ba sai a watan Nuwamba. Masu Apple ma ba su tsira ba, domin macOS Catalina na 2019 ya daina tafiyar da tsofaffin manhajoji masu bit 32 baki ɗaya, wanda ya ɗora shi bai bincika ba sai ya tarar waɗansu kayan aikinsa sun daina buɗewa.

Adalci shi ne mu ambaci hujjar kamfanonin su ma. Kula da zubi huɗu ko biyar a lokaci guda aiki ne mai tsada, kuma na'urar da aka bari ba faci takan zama masaukin cuta wadda za ta yaɗu ga waɗansu. Wannan gaskiya ne. Amma kuma gaskiya ne cewa akwai ciniki a cikin al'amarin, kuma wanda ya san halin da na'ura take ciki, da aikin da ke kanta, shi ne mai ita.

Dalilan da kan sa mutum ya ƙi

Dalili na farko shi ne ƙarfin na'ura. Windows 11, wanda ya fito ranar 5 ga Oktoba 2021, yana bukatar aƙalla gigabait 4 na ram, da gigabait 64 na wurin ajiya, da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM zubi na 2.0, da furosesa wanda galibi bai girmi tsara ta takwas ta Intel ba ko Ryzen 2000 na AMD. Na'urar da ta tsallake waɗannan sharuɗɗa da ƙyar takan iya ɗaukar sabon zubin, amma sai ta riƙa jan ƙafa kamar jakin da aka yi wa lodin raƙumi.

Dalili na biyu shi ne direbobi. Direba ƙaramar manhaja ce da ke tafinta tsakanin uwar manhaja da wani kayan aiki, kamar firinta ko sikana ko na'urar ɗaukar murya ko wata na'urar awo a ɗakin gwaje-gwaje. Idan kamfanin da ya ƙera kayan ya daina rubuta masa direba, to ranar da aka sauya zubi ita ce ranar da kayan ya zama ƙarfen banza, ko da lafiyarsa ƙalau.

Dalili na uku ya shafe mu masu rubutun Hausa kai tsaye. Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, wanda ya ba ɓ da ɗ da ƙ da ƴ lambobinsu na kansu, an yi dabarar ƙera salon rubutu na musamman, irin su Rabi'at, inda aka zana baƙaƙe masu lanƙwasa a gurbin waɗansu alamomi. Abin da takardar ta ajiye a cikinta alamar ce, salon rubutun ne yake nuna ta da siffar baƙin Hausa. Shi ya sa in aka buɗe irin wannan takarda a na'urar da ba ta da salon, sai a ga }asa a maimakon ƙasa, da ]aya a maimakon ɗaya. In sauyin zubi ya tafi daidai, salon yakan tsira. In kuwa ya cije, aka kai wa mai gyara ya goge faifai ya ɗora sabo, to sai an sake nemo shi kafin kundi mai shafi ɗari uku ya karantu.

Dalili na huɗu shi ne data da wuta. Sabon zubi gigabait da yawa ne, mai sayen data da kuɗin aljihunsa kuwa ya san abin da wannan yake nufi. Sa'an nan aikin yakan ɗauki sa'a guda ko fiye a tsohuwar na'ura, batirin galibinsu kuma ya riga ya mutu. An yi Windows yadda zai yi ƙoƙarin komawa baya in aiki ya katse, amma ba kullum yake cin nasara ba, kuma ɗauke wuta a tsakiyar aiki yana iya barin na'ura ta kasa tashi. Ɗalibin da ya rage masa mako guda ya miƙa kundinsa yana da cikakkiyar hujja ya ce ba yanzu ba.

Matakan hanawa

Mataki na farko shi ne mutum ya san abin da yake da shi. A latsa maɓallin Windows tare da baƙin R, a rubuta winver, sai taga ta fito ta nuna sunan zubin da lambarsa. Da wannan za a san a wane rukuni na'urar take, domin rukuni uku ne.

Rukuni na farko su ne masu Windows 7 ko 8.1. Waɗannan babu mai matsa musu yanzu. Tallan 2015 ya ƙare ranar 29 ga Yuli 2016, 'yar ƙofar da ta rage ta hawa Windows 10 kyauta kuma an rufe ta a watan Satumba na 2023. Damuwarsu ta rashin faci ce, zan kuwa zo kanta. Rukuni na biyu su ne masu Windows 10 a na'urar da ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Su ma sabon zubin ba zai hau musu da kansa ba, iyaka dai su riƙa ganin sanarwar da ke kwaɗaita musu sayen sabuwa. Hatsarinsu yana wajen mai gyaran da zai ce ya san dabarar tsallake sharuɗɗan. Dabarar akwai ta, amma kamfanin ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aika wa irin wannan na'ura faci ba. Saboda haka in za ka kai gyara, ka faɗa da bakinka cewa kada a taɓa maka zubi. Rukuni na uku su ne masu Windows 10 a na'urar da ta cika sharuɗɗa, da masu Windows 11 da ba sa son a tura su zubin shekara mai zuwa. Sauran matakan nasu ne.

Mataki na biyu, wanda ya wajaba a kan kowane rukuni, shi ne kwafin ajiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. A kwafe takardu da hotuna da muryoyi zuwa wani faifai na waje, a haɗa da salon rubutun Hausa da aka yi aiki da shi, da direbobin firinta, da lambobin lasisin manhajojin da aka saya. Bayan an kwafe a cire faifan a ajiye shi daban. A kuma gwada buɗe takarda biyu ko uku daga cikinsa a wata na'ura, domin kwafin da ba a gwada ba zato ne kawai.

Mataki na uku shi ne amsa tayin yadda ya kamata. Idan tayin Windows 11 ya bayyana a shafin Windows Update, a ƙarƙashin babban maɓallin karɓa akwai ɗan ƙaramin rubutu da ke cewa a ci gaba da zama a kan Windows 10 tukuna. Shi za a latsa. In tayin ya zo ne ya cika allo lokacin kunna na'ura, kada a yi gaggawa, a nemi inda aka rubuta ƙi, wanda galibi ƙarami ne kuma a gefe yake. Darasin 2016 shi ne a karanta taga kafin a rufe ta.

Mataki na huɗu na jinkirtawa ne. A shafin Windows Update ana iya dakatar da dukkan sabuntawa har kwana 35, wanda ya isa a gama jarrabawa ko a miƙa kundi. Har wa yau, a wurin saita intanet ana iya gaya wa na'ura cewa wannan layi na awo ne, watau data ake saya. In an yi haka takan rage sauke manyan kaya da kanta. Sai dai duka biyun na ɗan lokaci ne. Wa'adin farko yana cika sai an karɓi abin da ya taru kafin a sake dakatarwa, na biyun kuwa bai hana abin da kamfani ya ɗauka na gaggawa ba.

Mataki na biyar shi ne mai ƙarfi, watau a ɗaure na'ura a kan zubi guda. Microsoft da kansa ya tanadi wannan hanya saboda ma'aikatu. Mai Windows 10 Pro zai latsa maɓallin Windows da R, ya rubuta gpedit.msc. A tagar da ta buɗe zai bi Computer Configuration, ya shiga Administrative Templates, sa'an nan Windows Components, sa'an nan Windows Update, sa'an nan Windows Update for Business. A nan akwai doka mai suna Select the target Feature Update version. Sai ya kunna ta, ya rubuta Windows 10 a gurbin farko, ya rubuta 22H2 a na biyu, domin 22H2 shi ne zubin ƙarshe na Windows 10.

Mai Windows 10 Home ba shi da wannan taga, sai ya bi ta rajista, watau kundin da Windows yake ajiye saitinsa. Zai rubuta regedit, ya bi HKEY_LOCAL_MACHINE, SOFTWARE, Policies, Microsoft, Windows, ya nemi WindowsUpdate, in babu ya ƙirƙira. A ciki zai sa abu uku: TargetReleaseVersion, nau'in DWORD, mai ɗauke da lamba 1, ProductVersion, nau'in rubutu, mai ɗauke da Windows 10, da TargetReleaseVersionInfo, shi ma nau'in rubutu, mai ɗauke da 22H2. Sa'an nan ya kashe na'ura ya kunna. Lalle ne in yi gargaɗi a nan. Kuskure a cikin rajista yana iya hana na'ura tashi, don haka a adana kwafinta kafin a taɓa, wanda kuma bai saba ba ya nemi wanda ya iya ya zauna kusa da shi. Akwai wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna InControl, wadda Steve Gibson ya fitar a 2022, aikinta shi ne ta rubuta irin waɗannan saiti da latsawa guda. Mai son ta ya ɗauko ta daga shafin mai ita, kada ya karɓa daga filashin da ke yawo.

Amfanin wannan hanya shi ne ta tare sauyin zubi amma ta bar faci yana shigowa, muddin ana aiko shi. Tana kuma aiki ga mai Windows 11, in ya rubuta sunan da lambar zubin da yake kai. Iyakarta ita ce, kowane zubin shekara na Windows 11 wata 24 ake kula da shi a Home da Pro, kamfanin kuma ya bayyana cewa in wa'adin zubi ya wuce, ɗaurin ba zai ci gaba da riƙe na'ura ba har abada.

Akwai hanyoyi biyu da ake yawan ba da shawararsu waɗanda ni ban yarda da su ba. Ta farko ita ce a kashe Windows Update ɗungurungum. Wannan gudun gara ne a faɗa wa zago, domin an tare faci tare da sauyin zubi, ga shi kuma Windows yakan sake kunna abin da kansa. Ta biyu ita ce a shiga saitin ƙarfen na'ura a kashe TPM domin ta zama ba ta cancanci Windows 11 ba. In faifan yana kulle da BitLocker, makullinsa a cikin TPM ɗin yake, kashe shi kuwa zai sa na'ura ta nemi wata lambar ceto mai alƙaluma 48. Wanda bai adana ta ba ya kulle kansa a waje, kayansa na ciki.

To, in aikin gama ya riga ya gama fa, mutum ya tashi ya tarar da Windows 11? Yana da kwana 10 ya koma. A shiga Settings, sa'an nan System, sa'an nan Recovery, a latsa maɓallin komawa. Tsohon zubin yana ajiye cikin wata jaka mai suna Windows.old, kada a goge ta don neman wuri, kada kuma a bar manhajar share-share ta taɓa ta. In kwanakin suka wuce, na'ura za ta goge ta da kanta, daga nan sai dai a ɗora tsohon zubin daga tushe.

Abin da hanawa take jawowa

Jama'a, da na tsaya a nan da na yi muku rabin magana. Kowane zubi yana da ranar da ake daina yi masa faci. Ta Windows XP ita ce 8 ga Afrilu 2014, ta Windows 7 ita ce 14 ga Janairu 2020, ta 8.1 ita ce 10 ga Janairu 2023, ta Windows 10 kuwa 14 ga Oktoba 2025. Na'ura ba ta mutuwa a wannan rana, tana ci gaba da aiki yadda ta saba. Abin da ya sauya shi ne duk ɓarakar da aka gano daga ranar za ta zauna a buɗe, Bahaushe kuwa ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne cutar WannaCry, wadda ta ɓarke ranar 12 ga Mayu 2017. Takan kulle takardun mutum ta nemi fansar dala 300. Ta kama fiye da kwamfutoci 200,000 a ƙasashe kimanin 150, ta tsayar da aiki a asibitocin gwamnati da yawa a Ingila, har aka soke dubban alkawuran ganin likita. Abin lura shi ne an riga an fitar da facin wannan ɓaraka tun watan Maris na shekarar, kuma galibin na'urorin da suka kamu masu Windows 7 ne, wanda a lokacin ana yi masa faci, masu su ne ba su ɗora ba. Watau abin da ya kayar da su ƙin faci ne, da sun karɓe shi da sun tsira a kan tsohon zubinsu.

Bayan haka, sauran manhajoji ma sukan janye jiki sannu a hankali. Alal misali Chrome ya daina fitar wa Windows 7 sabon zubi tun farkon 2023. Wanda yake shiga asusun banki ko shafin sakamakon ɗalibai da irin wannan na'ura yana wasa da abin da ba nasa kaɗai ba.

Mai tsohuwar na'ura yana da mafita uku. Ta farko ita ce ƙarin wa'adi. Bisa sanarwar da Microsoft ya yi a 2025, mai Windows 10 zubin 22H2 yana iya shiga wani shiri da ake kira ESU, wanda ke ba da facin tsaro har 13 ga Oktoba 2026. Ana shiga da dala 30, ko da maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko ta hanyar haɗa saitin na'ura da asusun Microsoft. Ma'aikatu kuwa an ba su damar saye har shekara uku, zuwa Oktoba 2028, dala 61 a kan kowace na'ura a shekarar farko, kuɗin kuma yana ninkawa kowace shekara. Wannan lokaci ne aka saya domin a shirya ƙaura.

Mafita ta biyu ita ce a raba na'urar da intanet baki ɗaya. In aikinta shi ne tafiyar da tsohuwar firinta ko sikana ko na'urar awo, ba ta bukatar intanet, tana iya shekaru tana yi, da tsohuwar zuma ake magani. Sharaɗin shi ne a kiyaye filashi, domin ta nan cuta take shiga na'urar da ba ta kan layi. A ware mata nata guda, a riƙa bincika shi a na'ura mai cikakken faci kafin a soka mata.

Mafita ta uku ita ce Linux. Akwai ire-irensa, kamar Linux Mint da Lubuntu, waɗanda kyauta ne, ana yi musu faci, suna kuma tafiya a na'urar da Windows 11 ya ƙi. Ana iya gwada su daga filashi ba tare da an taɓa faifai ba, a ga ko firinta da intanet suna aiki. Sai dai ba kowace manhajar Windows ce take tafiya a kansu ba, kuma sai an ɗan koyi sabon hannu.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa faci daban, sauyin zubi daban, kuma ana iya tare na biyu a bar na farko. Mun ga cewa ɗaure na'ura a kan zubi guda ya fi kashe sabuntawa baki ɗaya, mun kuma ga cewa kowane ɗauri yana da wa'adi. Shawarata ga shugabannin sassa ita ce a ɗauki takarda a rubuta kowace kwamfuta da ke sashe, da zubin da ke kanta, da ranar da facinsa ya ƙare ko zai ƙare, da kayan aikin da suka dogara da ita, sa'an nan a yanke wadda za a sauya, da wadda za a raba da intanet, da wadda za a mayar Linux. Ga 'yan'uwana masu nazarin Hausa kuwa, roƙona shi ne mu yi amfani da lokacin da muka saya mu juyar da tsofaffin takardunmu zuwa Unicode, tun na'urorin da suke iya karanta su suna da rai. Ga ɗalibai, kada kowa ya kwanta yau sai ya kwafe kundinsa zuwa wuri na biyu.